Bashin Karatu: Lissafin da Ɗan Gobir Zai Yi Kafin Ya Sa Hannu

Shekarun baya, idan yaro daga Gatawa ko Turba ko Unguwar Lalle ya samu gurbin karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba a doguwar shawara kan kuɗin rajista. A kwance ɗan bijimi a kai kasuwa, ko a fitar da buhun wake biyu, kawun da ke aiki a Sakkwato ya ɗauki nauyin kwana da tuwon dare, shi ke nan yaro ya tafi. Abin da ke ɗaure a turke da abin da ke cikin rumbu su ne suka karantar da da yawa daga cikin malaman makaranta da ma'aikatan asibitin da Sabon Birni da Isa ke tinƙaho da su a yau.

Wannan hanya ta toshe wa gidaje masu yawa. 'Yan bindiga sun kore shanun, gonakin nesa da gari ba su nomuwa, ɗan abin da aka tara kuma kuɗin fansa da harajin da ake ɗora wa ƙauyuka sun lashe shi. Wasu iyalan ma suna tsallaken iyaka, wajen Gidan Rumji a jihar Maradi, suna zaman gudun hijira. Ana cikin haka aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. Uban da a da yake cewa "je ka, Allah ya yi albarka" yanzu sai ya sunkuyar da kai ya ce a bari sai baɗi. A irin wannan gida ne maganar bashin karatu na gwamnatin tarayya take da nauyi, kuma shi ya sa ya kamata a fahimce ta dalla-dalla, domin jita-jita ta riga bayani isa ƙauye.

Asusun da ke ba da bashin shi ake kira NELFUND. Shugaba Bola Tinubu ya fara sa wa dokarsa hannu ranar 12 ga Yunin 2023, sai dai waccan dokar ta zo da sharuɗɗan da talaka ba zai iya cikawa ba. Sai kuɗin shigar gidanku bai kai naira 500,000 a shekara ba, sannan ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, irin su babban ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki. Ina ɗan manomi a Tsabre zai samo lauya mai shekara 10? Da aka ga ba za ta yi aiki ba, sai aka soke ta aka yi sabuwa, aka sa mata hannu ranar 3 ga Afrilun 2024. Sabuwar ta cire maganar mai tsayawa, ta cire iyakar kuɗin shigar iyaye. Aka buɗe shafin neman bashin a intanet ranar 24 ga Mayun 2024, da ɗaliban makarantun tarayya aka fara, daga baya na jihohi suka shigo. Akintunde Sawyerr aka naɗa ya shugabanci asusun.

Tambayar da dattijo ke fara yi ita ce: "Malam, bashin nan da ruwa?" Babu. Abin da ɗalibi ya karɓa shi zai mayar, ko sisi ba a ɗorawa, komai daɗewar biyan. Wannan ya raba shi da bashin banki, kuma ya raba shi da na Amurka, inda bashin karatu ke haihuwa, har abin da gwamnatin ƙasar ke bin ɗalibai ya haura dala tiriliyan 1.6, wasu su yi furfura ba su gama biya ba. Amma rashin ruwa bai mayar da shi kyauta ba. Akwai masu raɗa wa yara cewa kuɗin gwamnati ne, rabonka ne ka ci, ba wanda zai bi ka. Wannan tunanin yana cikin abin da ya kashe hukumar bashin ɗalibai da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972: mutane da yawa sun karɓa sun ɓace. Wancan zamanin takarda da biro ne. Yanzu bashin ɗaure yake da lambar NIN da ta BVN, su kuwa waɗannan ba a sauya su kamar riga.

Kuɗin kashi biyu ne, kuma a nan ne lissafi ke farawa. Kashi na farko kuɗin makaranta ne. Shi ba ya shiga hannun ɗalibi ko kaɗan, asusun ne ke tura wa makarantar kai tsaye. Kashi na biyu kuɗin ɗawainiya ne, naira 20,000 a wata, da ke faɗawa asusun ɗalibin na banki. Ba dole ba ne a haɗa su. Mutum na iya neman na makaranta kawai ya bar na ɗawainiyar. Kuma ba sau ɗaya ake nema a huta ba: duk shekarar karatu sai an sabunta, wato duk shekara akwai damar a sake duba hali a ce bana ana bukata ko ba a bukata.

Makarantun gwamnati kaɗai bashin ya shafa, na tarayya da na jiha. Ga ɗan wannan yanki, a nan ake maganar irin su Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da kwalejin horon malamai ta tarayya da ke Gidan Madi, da kuma ta kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura Namoda, wadda mutanen Isa suka saba bi ta Shinkafi su je. Wanda ya shiga makarantar kuɗi mai zaman kanta ba ya ciki, haka wanda ya tsallaka ya shiga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi. Ko a cikin na gwamnatin ma, sai makaranta ta tura wa asusun sunayen ɗalibanta kafin shafin ya gane mutum. Saboda haka tambayar farko a ofishin kula da harkokin ɗalibai ake yin ta: an tura sunayenmu?

Abubuwan da za a nema ba su da yawa: lambar JAMB, da NIN, da BVN, da takardar shaidar samun gurbi, da lambar ɗalibi ta makaranta, da asusun banki mai sunan ɗalibin kansa. Sai dai a nan yaranmu suka fi tuntuɓe, kuma ba don rashin cancanta ba. Yaro ne a takardar JAMB sunansa Muhammad Bello Isa, a katin ɗan ƙasa Mohammed Bello, a banki kuma Bello Muhammadu, ranar haihuwa uku daban-daban, biyu daga ciki 1 ga Janairu saboda mai cike takardar bai tsaya tambaya ba. Mutum zai gane cewa yaro ɗaya ne. Kwamfuta ba ta ganewa, sai ta ce ba ta san shi ba. Gyaran kuwa ba a zaune ake yin sa ba, sai an je ofishin hukumar katin ɗan ƙasa da banki, wani lokaci har da takardar rantsuwa daga kotu, ga shi tafiya daga Sabon Birni ta Goronyo zuwa Sakkwato ba tafiya ce da ake yi don nishaɗi ba a wannan zamani. Tun yaro yana aji biyar ko shida na sakandare ya kamata a jera takardunsa a kan tabarma a karanta sunan harafi-harafi, a daidaita su kafin ya cike JAMB.

Tuntuɓe na biyu a shagon intanet yake. Ɗalibi ya miƙa takardunsa, mai shago yana sauri saboda layi, sai ya buga imel ɗinsa da lambar wayarsa shi, ya ƙirƙiri lambar sirri bai faɗa ba. Bayan wata uku saƙo ya zo ana neman gyara, yana can cikin wayar mai shago, ɗalibi yana nan yana cewa gwamnati ta hana shi. Imel naka, lambar waya taka, lambar sirri a rubuce cikin littafin da ba ka ba kowa aro. Wanda ya ga yadda aka katse layukan waya a wannan yanki a watan Satumbar 2021 ya san sabis ba abin dogaro ba ne, don haka a kammala komai tun ana makaranta, kada a bari sai an dawo hutu. Neman bashin kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai sa a fitar da sunanka da wuri, damfara ce.

Bayan an amince, aiki bai ƙare ba. A 2025 hukumar wayar da kan jama'a ta ƙasa da hukumar ICPC sun tayar da maganar cewa wasu makarantu na karɓar kuɗin daga asusun ba tare da sun sanar da ɗalibai ba. Sau da yawa kuma kuɗin kan iso bayan an rufe rajista, lokacin da uba ya riga ya ci bashin maƙwabci ya biya. Idan haka ta faru makaranta ta karɓi kuɗi sau biyu, kuma haƙƙin ɗalibi ne a mayar masa da nasa. Ba ya samuwa sai da rasiɗi. A ajiye rasiɗin banki, a ɗauki hoton shafin da ya nuna ranar da asusun ya biya da adadin, a rubuta wa ofishin kuɗi na makaranta takarda, a riƙe kwafi. Wanda ya yi sakaci a nan zai biya bashin kuɗin da bai amfana da su ba.

To, yaushe ake biya, kuma ta yaya? Doka ta ce ba za a fara bin mutum ba sai shekara biyu bayan ya gama hidimar ƙasa. Yaron da ya shiga jami'a a 2025, karatun shekara huɗu, idan yajin aiki bai gitta ba zai gama a 2029, ya yi hidima zuwa 2030, a fara tuntuɓarsa wajen 2032. Mai albashi, wurin aikinsa ne zai riƙa cire kashi 10 cikin 100 yana turawa. Mai sana'ar kansa shi ne zai riƙa kai kashi 10 na ribarsa duk wata. Wanda bai samu aiki ba yana iya kai takardar rantsuwa cewa ba ya aiki kuma ba ya samun kuɗin shiga, a ɗaga masa ƙafa, amma ƙarya a cikin wannan rantsuwa laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Wanda ya rasu kuwa dokar ta yi tanadin a yafe masa. Wannan na da muhimmanci ga mutanenmu, domin tsoron mutuwa da bashi a wuya ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar musulmi. Duk wanda ya samu hali kuma yana iya biya gaba ɗaya ya huta.

Mu ɗauki alƙalami. Lambobin nan misali ne kawai, kowa ya sa na makarantarsa. A ce kuɗin rajista naira 100,000 ne a shekara. Shekara huɗu, 400,000. A ce kuma ɗalibi ya karɓi na ɗawainiya wata 10 a kowace shekara: 200,000 sau huɗu, 800,000. Jimla miliyan 1.2. Ka ga kashi biyu cikin uku na bashin ba na karatun ba ne, na cefane ne da sabulu da katin waya. Idan ya samu aikin naira 100,000 a wata, za a riƙa cire 10,000. Wanda ya ci na makaranta kawai zai gama cikin wata 40, shekara uku da wata huɗu ke nan. Wanda ya haɗa duka sai ya shekara 10. Idan kuwa albashin bai wuce mafi ƙarancin da aka sa wa doka a Yulin 2024 ba, wato 70,000, biyan zai haura shekara 14. Mai samun 200,000 shekara biyar ta ishe shi.

Abin lura a wannan lissafi shi ne, girman bashi ba ya ƙara abin da ake cirewa a wata. Kashi 10 ne ko bashin ƙarami ne ko babba. Shekarun biya ne ke miƙewa. Sannan tsadar rayuwa, wadda ke cin talaka a ko'ina, a nan kaɗai take yi masa aiki. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Naira 400,000 da aka biya wa yaro a yau, ranar da zai mayar da ita ba za ta sayi abin da take saya yanzu ba, kuma adadin ba zai ƙaru ba. Don haka a ganina kuɗin makaranta ba abin tsoro ba ne. Gidan da ya hana yaro karatu don gudun wannan bashi, sannan ya je ya ci na 'yan kasuwa mai ruwa ko ya jinginar da gona, ya yi asara sau biyu.

Na ɗawainiyar ne ke bukatar a yi wa kai faɗa. Wanda ke kwana gidan kawunsa a Sakkwato yana cin tuwon gida, ko mai ɗinki ko gyaran waya da ke samun na sabulu, bai kamata ya karɓa don kawai ya ga abokai na karɓa ba. Wanda ba shi da kowa a gari, iyayensa na zaman hijira, ya karɓa ba tare da jin kunya ba, domin da yunwa ba a karatu. Sai dai a faɗi gaskiya: ranar da wayar ta yi ƙara kuɗin suka shigo, ba ɗalibin kaɗai ke ji ba. Inna za ta kira ta ce ƙanensa ba lafiya, kuma ba ƙarya take yi ba. Ya tura 10,000, ya ƙarasa watan da garin kwaki. Ba mai zarginsa. Amma ya kamata gida su san cewa wannan ba albashi ba ne, irin hatsin da manomi kan karɓa ne da damina ya biya da kaka, sai dai kakar nan shekara shida ko bakwai ce a gaba. Haka 'ya mace: bashin a kanta yake, aure ba ya mayar da shi kan miji. Gara a faɗa wa manemi tun wuri, a kuma yi magana a fili kan ko za ta yi aiki bayan karatu.

Kafin ma a kai ga bashi, a fara neman kuɗin da ba a mayarwa. Jihar Sakkwato na da hukumar ba da tallafin karatu, kuma gwamnatocin jihar sun sha biya wa 'yan asalinta kuɗin rajista, ko da yake biyan kan yi jinkiri. Akwai hukumar tallafin karatu ta tarayya, akwai asusun PTDF ga masu fannonin da suka shafi man fetur, akwai hukumar zakka da waƙafi ta jiha da ke duba marayu da mabukata. Dukkansu za su nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma, don haka a karɓe ta da wuri. Shekarar da tallafi ya biya rajista, ba dalilin cin bashin rajistar.

Saura babbar magana: me za a karanta da kuɗin? Tunda daga abin da mutum zai samu ne za a biya, dole a tambayi inda takardar za ta kai shi. A aikin gwamnati, mai digiri yakan fara a mataki na 8, mai NCE a na 7, mai ƙaramar difloma a na 6, ma'aikatan lafiya kuma tsarin albashinsu daban ne, ya ɗara na sauran. Amma matakin ba shi ne matsala ba, samun aikin ne. Yankinmu na ƙishirwar ma'aikatan jinya da ungozoma da kuma ma'aikatan lafiya na karkara irin waɗanda kwalejin Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa ke horarwa, domin baƙo ba ya son a turo shi Isa ko Sabon Birni, ɗan gida ne ke zama. Ko ƙungiyoyin agaji irin su likitocin MSF da ke aiki a Shinkafi irin waɗannan hannaye suke nema. Haka malamin lissafi da na kimiyya da na Turanci. Likitan dabbobi, fannin da ake karantawa a Jami'ar Danfodiyo, yana da kasuwa a ƙasar kiwo ko gwamnati ba ta ɗauke shi ba. Ɗan kan iyaka da ya haɗa Turanci da Faransanci kuwa yana da abin da ɗan Kano ba shi da shi.

Ba ina cewa tarihi ko siyasa ko Hausa ba ilimi ba ne. Amma wanda JAMB ta jefa wani fannin da bai zaɓa ba, ya karɓa don kawai a ce yana jami'a, to ya shiga da sana'a a hannu, ko ya koye ta kafin ya fita: haɗa wutar sola, gyaran famfon burtsatse, aikin kwamfuta, ɗinki. Alawus ɗin hidimar ƙasa, da aka ɗaga daga 33,000 zuwa 77,000, shekara ɗaya ne kawai, kuma ga da yawa shi ne jarin farko da na ƙarshe da za su riƙe a dunƙule. Wanda ya tara wani abu daga ciki ya sayi kayan aiki, shekara biyun da aka ɗaga masa za su yi masa amfani.

Wanda ya fi kowa shiga uku shi ne wanda ya ci bashin shekara biyu ya bar karatu, ga bashi ba takarda. Irin wannan yakan faru idan aka kori ɗalibi saboda faɗuwa, ko gida ya rikice ya koma bai dawo ba, ko dogon yajin aiki irin na ASUU a 2022, da ya ɗauki wata takwas, ya sanyaya masa gwiwa ya faɗa kasuwa. Idan wani abu ya faru a gida, hari ko rasuwa ko neman kuɗin fansa, kada ɗalibi ya tattara kayansa ya tafi shiru. Makarantu na da tsarin jingine karatu na zango ɗaya ko shekara. A rubuta takarda ta hannun shugaban sashe, a jira amsa a rubuce, sannan kada a sabunta neman bashin a shekarar da ba a aji. Gurbin yana nan, adadin bashin kuma zai tsaya inda yake har ranar da aka dawo.